Kwaɗon Abílio

A Matosinhos, bayan kasuwar kifi,
inda tsuntsayen teku ke kokawa kan hanjin sadin,
nan babana Abílio ya yi shekara talatin da ɗaya
yana riƙe wa masunta lissafinsu.

Ya rasu ran Talata, ana tsuga ruwa.
Ya bar mini laima mai karyayyen haƙarƙari,
tabarau biyu, da kwamfuta ruwan toka
wadda in ka kunna ta sai ta tare ƙofa
ta ce: kalmar sirri.

Na ba ta sunana, Noémia. Ta ƙi.
Na ba ta sunan mahaifiyata, da ranar aurensu,
da sunan karen da ya binne yana kuka a ɓoye.
Akwatin ya girgiza kai, ya share,
ya koma jira kamar bai taɓa ganina ba.

A aljihun tebur na tsinci rasit:
Yuro arba'in da tara, duk watan Maris,
kuɗin manhajar da ke dagula faifai tun daga tushe,
ta mai da kowane harafi tsakuwa a cikin tsakuwa.
Mutumin da ke shan kofi ɗaya sau biyu,
ashe wannan bai taɓa jinkirta biya ba.

Na kira kamfanin. Wani yaro mai ladabi, Fausto,
ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce:
“Kwaɗo muka sayar masa, ranki ya daɗe.
Mabuɗi shi ya ƙera abinsa.
Da muna da hanyar shiga, ai da mun cuce shi.”
Na kashe wayar ban yi sallama ba.

Kwana tara ina fushi da mamaci.

A na goma tsoho Delfim ya hawo bene,
hula a hannu, gishiri a gira.
Bai zauna ba. Ya dubi kwamfutar, ya dubi ƙasa.
“An buɗe?”
Na ce a'a.
Sai kafaɗunsa suka sauka kamar an sauke masa taska.
Shekarar da teku ta hana, in ji shi,
rabin unguwar nan sun ci bashi,
wasu sun jinginar da jirgi matansu ba su sani ba.
Duk yana ciki. Babanki bai taɓa ɗaga ido
ya kalli ɗayanmu da shi a coci ba.

Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Maris ya zo, saƙon sabuntawa ya shigo da sunansa.
Na san ko ban biya ba faifan ba zai yi magana ba.
Na biya.
Yanzu tana kan kanta kusa da taga,
nakan goge mata ƙura ran Lahadi,
wani lokaci in kunna ta
don kawai in ga ta tambaye ni,
in yi shiru, ita ma ta yi.