Sawun Kaza a Siminti

Daɓen da babanmu ya zuba wa shanu ya tsage.
Shekara hamsin da ɗaya yana ɗauke da kofato,
fitsari ya ci fuskarsa har tsakuwa ta leƙo,
ƙanƙarar Allgäu ta bi ta ƙasa ta ɗaga shi.
Ruwan wanki ya manta hanyar kwata,
sai ya taru a bakin ƙofa, kafin asuba ya daskare.

Ran Talata Resi ta zame,
da cikinta na wata bakwai.
Ƙafafun baya suka buɗe kamar almakashi.
Mu uku, da igiya, da tarakta, muka tashe ta.
Tun ranar in ta zo wurin sai ta bi ta gefe.

Ƙanena Korbinian ya ce kwalta.
Ya baje takardu a tebur, ya danne da kofin gahawa:
"Walburga, duba nan. A zuba ta da zafi yau,
gobe da safe shanu su taka.
Kankare sai ya yi sati huɗu kafin ya yi ƙwari.
Ina za mu kai talatin da biyu a watan Nuwamba?
Ɗakin baƙi? Ko coci za mu roƙa a buɗe?"

Tsoho Quirin na jingine da shinge yana tari.
"Kwalta ba ta tsoron tsamin ciyawa," in ji shi,
"man dizal take tsoro, da rana.
A Yuli na bar tirela a kan tawa,
ƙafar ƙarfen ta nutse yatsa biyu,
ramin na nan, tsuntsaye na shan ruwa a ciki.
Kankare kuwa kamar babanku yake,
ba ya lotsawa, sai dai ya karye."

Ban ce uffan ba.
Da dare na ɗauki tocila na shiga garken Quirin,
inda rabi baƙi ne, rabi ruwan toka.
Na tuɓe takalmi, na tuɓe safa,
na sa ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.
Ta dama sanyi ya hau ta har haƙorina.
Ta hagu ta ɗan jira kafin ta yi kuka.
Shanunsa goma sha ɗaya na ƙirga a tsaye,
takwas a kan baƙin, suna tuƙa, ido a lumshe.

To me ya hana ni sa hannu?
Ba kuɗin banki ba ne, ko da yake da shi.
A kusurwa, bayan kwamin ruwa,
akwai sawun kaza guda bakwai.
Ranar zubin ta ratsa simintin yana ɗanye,
baba ya bi ta da cebur yana ashar,
inna ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti.
Ina da shekara shida.
Kazar mun ci ta a Kirsimetin nan.
Baba ya tafi, inna ta bi shi,
sawun nan bakwai su ne ba su goge ba,
ni kaɗai na san inda suke in na zo shara da safe.

Ga yadda muka rabu da zancen:
inda shanu ke tafiya, kwalta;
inda tarakta ke kwana tana ɗigar mai, kankare.
Korbinian ya ce na raba gardama kamar burodi,
kowa ya tashi bai ƙoshi ba.
Na ce ya ara mini injin yanka dutse.

Yini guda na yi a durƙushe, ƙura har cikin kunne.
Na ciro faifan da sawun, na kai shi bakin ƙofar gida.
Yaron da ya kawo kwalta ya tsallake shi, ya waiga,
ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Dokin ƙofa ne."

Resi ta haihu a Janairu, mace.
Daɓen baƙi ne sumul, ba rami, ba tsaga,
amma in ta zo daidai inda ta faɗi
sai ta tsaya, ta shinshina,
ta bi ta gefe.