Ragar da Ba Ta Ruɓewa

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinkin taru
a rumfar bakin teku, a Malpika,
ni Sabela, 'yar Outeiro mai kwalekwale.
Yatsuna kan gane ɓaraka tun ido bai kai ba.

To, sai ga ɓaraka a jikina.
Likita Anxo ya zana mini a bayan takardar magani:
ga tantanin da ya raba ƙirji da ciki,
ga 'yar ƙofar da maƙoshi ke bi ya sauka.
Ƙofar ta saki, tumbi ya leƙo sama
kamar ƙaguwa daga bakin kwando.
Shi ne ƙwannafin da ke tashe ni ƙarfe uku na dare,
shi ne barci a zaune, da matashi huɗu.

Ya ce naman ya yi laushi, ɗinki kaɗai ba zai riƙe ba,
sai an ƙara da raga.
Ya miƙo samfuri, bai kai tafin hannu ba,
fari fat, zaren roba, ido-ido.
Na murza, na ja, na yi dariya:
saƙa ta yi kyau, ba ƙulli ko ɗaya.
Na sa hannu, ban karanta shafi na uku ba.

Alhali tambayar tana bakina tun ƙuruciya.
Tarun kakata na auduga ne, in teku ta ƙwace sai ya ruɓe.
Da nailan ya zo muka yi guɗa,
daga baya muka gane:
wanda ya tsinke ya nutse ba ya daina kamu.
Yana can ƙasa, shekara da shekaru,
yana tara kifin da ba mai ci.

Shekara huɗu lafiya lau.
Na ci gasasshen sardin har na lashe yatsa.
A ta biyar burodi ya fara tsayawa
nan, bayan ƙashin ƙirji.
Sai nama. Sai dankali.
Har romo ya soma shawara kafin ya wuce.
Zoben aurena ya sulale cikin bokiti ban ji ba.

A Koruña suka zura bututu mai ido.
Ga ta a allo, ta yi baƙi,
ta ci bango ta shigo maƙoshi.
Likita Iria ta ce ƙofar nan ba ta hutu,
kowane numfashi sai ta motsa,
nama na gogar roba dare da rana,
tabo kuma ya tsuke, ya shaƙe hanya.
Wannan ma na sani.
Ba a kwana ɗaya igiya ke cin katakon jirgi ba.

Awa bakwai suka yi suna kwancewa.
Ba ta yarda ta fito ita kaɗai ba,
sai da ta tafi da wani yanki na tumbina.

Ban zagi Anxo ba.
Dosinda ta ƙarshen layi irinta ke jikinta,
shekara tara, har ƙashi take taunewa.
Wani kuma an ɗinke shi ba raga,
ɗinkin ya warware, ya sake kwanciya ƙarƙashin wuƙa.
Kowace hanya da ƙayarta,
ni dai ba a nuna mini tawa da yatsa ba,
ni ma ban duƙa na duba ba.

Jiya ƙanena Xurxo ya zo da irin zanen nan a aljihu.
Na ce zauna.
Tambaye su: mai narkewa ce ko mai zama?
Dole ne, ko dai sabo?
In ta ɓaci wa zai ciro, kuma da me za ta fito?
Karanta shafi na uku, da ƙarfi, ina ji.

Ya karanta, ina shan romo da ƙaramin cokali,
abincina na biyar a ranar.
Taru na kan cinyata, ɓarakar ta kai kamu biyu.
Na daɗe riƙe da basilla
kafin na zaɓi zare.