Tekun Ashta

Ashta ta ce in kai ta babban birni ta ga teku,
don a littafin makarantarsu
kowane babban birni da tekunsa a gefe.
Na ce to. Ban gyara mata ba.

Muka tsallaka gada daga Kusuri
a watan biyar, ƙarshen bazara,
rana ta kafa ƙafa a tsakar ka.
Jandarma ya juya takardata sau uku
kafin ya ɗaga mana haɓa.

Injamena ta tarbe mu da warin kwalta mai narkewa,
mangwaro tsibi-tsibi, ƙuda na gadi,
da Larabcin da ya fi kunnena gudu.
Na yi ciniki da yatsu,
aka ci ni sefa ɗari.

Da la'asar muka gangara Shari.
Kogin ya rame,
haƙarƙarinsa na yashi duk a waje.
Masu wanki sun yi shanya inda ruwa ya kwana bara.
Wani tsoho na ɗinkin koma
a inuwar kifaffen kwalekwale.

Ashta ta tuɓe takalmi,
ta shiga har idon sawu,
ta ɗebo a tafi, ta ɗanɗana.
"Baba, babu gishiri."

Tsohon bai ɗago ba.
"Namu haka yake, 'yata. Kowa da gishirinsa yake zuwa."

Can gabas hadari ya haɗu,
ya yi gurnani, ya fasa.
A motar komawa ta yi barci a kafaɗata,
bawon katantanwa a damƙe,
gefen zanenta bai gama bushewa ba.