Tanimu Uku

Mun iso Kusfa bayan la'asar,
ko zif ɗin akwati ba a zuge ba
Goggo Dudu ta lalubo bango har zaure.
Idanunta yana ta cinye su tun bara waccan.
Ta ce, "Kun gan shi?"

Baba ya cire hula ya zauna kan dakali.
Umma ta ce a kawo ruwa tukuna.
Ni aka bar wa bakin magana,
ni da na riƙe fasfo uku da ledar magani
daga Kano har Rangun.

To, Goggo, ta ina zan faro?
Ƙasar Bama ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya.
Mun shiga wani tsohon birni na jan bulo,
ɗakunan bauta sun fi a ƙirga,
Baba ya ƙwanƙwasa ɗaya da sandarsa
ya ce, "Su sun gasa ƙasarsu,
mu muka bar ganuwarmu damina na lasa."
Umma da ta rantse ba za ta tuɓe takalmi ba
ta tuɓe, ta riƙe shi a hannu,
tana tafiya a kan dutse mai zafi
tana sauke salati ƙasa-ƙasa.

Rana ta huɗu muka je maƙabartar soja.
Ciyawa a aske kamar kan ango.
Ginshiƙai a jere, kowanne ɗauke da sunaye
na waɗanda ba a tsinci gawarsu ba.
Mai gadi, bakinsa ja wur kamar na maciyin goro,
ya buɗe mana littafi.

Bature bai tambayi sunan uba ba, Goggo.
Sunan yanka ya rubuta, ya liƙa masa gari.
Na bi layi da yatsa, na sake bi:
Tanimu Zariya.
Tanimu Zariya.
Can ƙasa kuma, Tanimu Zariya.
Lamba ce kawai ta raba su,
mu kuwa lambar ta tafi da gobarar ɗakin Iya.

Kin ce yana da wushirya.
Kin ce a tashar Sabon Gari ya danƙa miki anini
ya leƙa Baba a goye ya ja masa kunne.
Dutse bai rubuta wushirya ba.

Baba ya tsaya har inuwarsa ta gajarce.
Tsoho mai jikoki sha tara
yana neman uba a cikin haruffa shida.
Sai ya zaro kwalbar man zafi daga aljihu,
wadda ya cika da ƙasar gindin rimin ƙofar gida.
Hannunsa na rawa. Bai san inda zai zuba ba.
Umma ta ce, "Malam, raba ta uku.
Wa ya taɓa zuwa musu in ba mu ba?"
Da farce ya raba.
Ruwa ya sauko kafin mu shafa fatiha,
ƙasar Zazzau ta yi ja ta bi tsagin dutse.

Ga abin da muka kawo miki:
takarda uku, na ɗora kan sunayen na goga fensir.

Ta karɓa ta shafa, ta shafa,
har baƙin ya hau yatsunta.
Ta tambaya ko akwai inuwa a wurin.
Na ce akwai.
Ta tambaya ko ana jin kiran salla.
Na yi shiru.

Ana haramar magariba ta miƙa wa Baba biyu,
ba ta zaɓa ba, waɗanda suka zo hannu ne.
Ta ce, "Waɗannan ma wani gida aka yi ta jiransu."

Yau kwana tara ke nan.
Kullum da hantsi Baba na saɓa babbar riga,
jiya Limancin Kona, yau Ƙofar Gayan,
yana sallama zaure zaure
yana tambayar tsofaffi
ko an taɓa yin wani Tanimu a gidan
da ya hau jirgin ƙasa.