Digiri Bakwai

Ranar Talata ta zo, ba a ko rataya labulen ƙofa ba,
ruwan sama na dukan rufin Kanazawa.
Kuwabara sunanta, daga ofishin lafiya.
Ta jingine lema, ta wanke hannu har gwiwa,
aka miƙa shayi, ta ce a bari.

Ni ina gefe ina wanke shinkafa.
Shekara ta shida ke nan,
wuƙa ba ta san tafin hannuna ba tukuna.
Maigida Genzo na feɗe kifin asuba,
kai a sunkuye, kamar ba kowa a ɗakin.

Ta haska tocila ƙarƙashin kanta,
ta leƙa magudana, ta shinshina tsumma,
ta karanta kwanan watan kowane murfi.
Faratanmu ma sai da muka miƙa
kamar yaran firamare.

Sai firiji na biyu.
Ta soka ma'auni, ta jira.
Digiri bakwai.
Takardarta ta ce kada ya haura huɗu.

Cikina ya ɗuri ruwa.
Na san robar bakin ƙofar ta saki
yau wata guda. Da gwiwa nake danne ta,
na yi gum, kada a ce yaro ya cika baki.

Maigida ya ce, "Shekara talatin da takwas,
ba wanda ya ci a nan ya kwana riƙe da ciki."
Ta ce, "Na yarda, Baba.
Ma'aunin ne bai iya ƙirga shekaru ba."

Ya ajiye wuƙa. Ya rusuna.
Da hannunsa ya ɗauko tsokar nan ja,
wadda kuɗinta ya fi albashina,
ya sake ta cikin kwandon shara.
Tuna ake ce wa kifin,
kuma har yau ina tunawa da ƙarar faɗuwarsa.

Da dare, muna goge katako, na faɗa masa.
Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.
Biro ya miƙo mini da ƙaramin littafi:
safe, rana, dare, rubuta lamba, sa hannu.
"Wuƙa za ta jira," in ji shi.
"Mai ɓoye roba zai ɓoye ƙaya."

Bayan kwana goma ta dawo.
Digiri uku.
Ta buga hatimi, muka manna takardar
kusa da hoton mahaifinsa.
Ya dunƙula shinkafa, ya ɗora yanka guda, ya tura gabanta.
Ta girgiza kai: aiki ya hana.

Ranar Lahadi sai ga ta da tsohuwarta,
ba tocila, ba ma'auni.
Suka zauna a kujerun ƙarshe, suka ci, suka biya.
Ni kuwa na leƙa firiji na biyu,
na rubuta uku,
na koma kan shinkafata.