Ƙwai na Goma Sha Bakwai

Istifanus mai aski ya ba ni kafin alƙalami,
ya ce kafin Asabar yana son ƙofar shagonsa ta yi magana.
Na sauka Panteka da sassafe, na dawo
da naɗi guda, ƙwai sittin
a jere kan zirin da bai fi faɗin yatsa ba,
da ɗan allo kamar kwalin ashana.
Shi ne mai tunanin.

Waya uku kacal.
Ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta raka ta gida,
ta tsakiya 'yar aike ce,
ba ta ɗaukar komai sai magana.

Na rubuta ja, na danna.
Kore ya fito shar, kamar alayyafon bakin kogi.
Ashe nasu lissafin daga kore yake farawa,
ja ne na biyu, shuɗi auta.
Na ba su haƙuri, na sake jera lambobina.

Baba yana kan benci, yana jiran la'asar.
Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa, nan Kakuri,
kafin a rataya wa ƙofar kwado.
Har yau in jirgin ƙasa ya yi kuka sai ya duba agogo.
Ya ce, "Yahanasu,
wa ke gaya wa na ƙarshe launinsa?"

Na ce, Baba, farantin goro ne a wurin suna.
Na farko ya karɓi saƙon duka,
ya ciri rabonsa, lamba uku,
ya miƙa saura ga na kusa.
Na kusa ma haka.
Ba mai leƙa rabon wani,
kuma kafin ka ƙifta ido farantin ya zagaya.

Na danna don ya gani.
Haske ya taso da gudu, ɗaya, biyu, goma,
ya kai sha shida
ya tsaya cak.
Sauran suka yi shiru kamar layinmu in an ɗauke wuta.

Na zargi lissafina. Na zargi kwamfuta.
Na zargi mutumin Panteka da rantsuwarsa mai araha.
Na goge, na sake, na goge,
har aka kira salla aka idar.

Baba ya dawo, ya sunkuya, bai sa tabarau ba.
Ya ce, "Waɗannan ba mutuwa suka yi ba.
Ba a gaya musu ba ne.
Mu a can, zare ɗaya ke tsinkewa inji ya tsaya,
ba ka zagin atamfa,
sai ka bi da yatsa."
Ya bi da yatsa.
Ya tsaya kan na goma sha bakwai.

Almakashi, daidai kan ɗigon tagulla.
Na narka dalma, hayaƙi ya shiga idona.
Shi ya riƙe min wayoyin,
hannun nan da ke zubar da rabin shayi kowace safiya
bai motsa ba.

Suka kama, har wutsiya.
Sai dai na can ƙarshe farinsu ya koma ruwan kunu,
na nesa da tukunya ke nan.
Na ja musu tasu wutar ta ɗaya bakin, suka washe.

Na tashi naɗewa, Baba ya ce, "Dakata.
Sa min shuɗi biyu, fari ɗaya, shuɗi biyu,
sai ja siriri."
Ban tambaya ba. Na san zanen,
yana ƙasan akwatin Inna, ba a ɗaura shi.

Zanen ya bi bango yana tafiya.
Ya ce, "Rage gudu."
Na mayar da ashirin tamanin.
Ya ce, "Haka injina yake."

Ran Asabar Istifanus ya cika kuɗi har da na mota.
Mataccen ƙwan kuwa na neme shi in zubar,
na share ƙarƙashin tebur sau biyu.
Ran wanki Inna ta tsince shi
a aljihun gaban rigar Baba.