Dala Sittin a Bango

Sun aiko ni Mirriya da gwangwanin jan fenti,
da igiyar awo, da takarda mai hatimi uku.
Hanya za ta ƙara faɗi, in ji su,
duk abin da ya tare mata gaba a shafa masa alama.
Na shafa wa rumfar mai tsire.
Na shafa wa garejin Mutari, yana kallo, yana tsaki.
Sai igiyata ta ja ni har ƙofar Baba Kalla.

Farmasin nan ta girme ni.
Ta girmi kwalta, ta girmi fanfon unguwa.
Tubali ce da makuba, zanko biyu, ɗaya ya gutsure.
A goshin ƙofa koren maciji ya naɗe kofi,
rana ta lashe shi har ya koma tana.
Da muna yara mun rantse shi ke tofa maganin.

Magaram, autarsa, ta zo tana dogara sanda,
makulli ɗaure a bakin zane.
Ba ta ce mini uffan ba.
Kwaɗon ne ya yi ƙorafi a madadinta.

Ƙamshi ya riga haske tarbar mu:
kafur, man zafi, da ɗacin kinin
wanda damina talatin ba ta wanke ba.
Azara ta yi baƙi. Jemagu sun gaji kantar sama.
Kwalabe sun yi sahu, babu liman.
Sikelin tagulla, hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa,
har yau yana auna abin da ido bai gani.
Ga randa a lungu, ginin matan garin nan,
don Kalla ba ya sallamar mai ƙwaya
sai ya haɗiye ta farko a gabansa.
Ga bencin da matan ƙauye ke kwance goyo ranar kasuwa,
tsakiyarsa ta lotsa, ta yi santsi.
Ga 'yar tagar dare,
katakonta ya ci ƙwanƙwasa shekarar sanƙarau
har ya yi rami daidai gaɓar yatsa.

Magaram ta tura ƙyaure da sanda, ta ce, duba baya.

Bango ne cike da fensir, ajami da boko a cakuɗe.
Wai Kalla bai yarda da littafi ba,
gara na cin littafi, bango kuwa sai da gatari.
Tsahiru mai jaki, dala goma, an soke.
Yagana ta gidan Shatima, dala ashirin da biyar, an soke.
Wani Buzu mai raƙumi fari, ba suna, an soke.
Na bi layi da yatsa, ina sunkuyawa,
sai can ƙasa, kusa da inda gishiri ya fara cin gini:
Zuwaira matar Haru maɗinki,
maganin tarin yaro, dala sittin.
Ba a soke ba.

Zuwaira uwata ce.
Yaron kuwa ga shi tsugune da furfura,
da jan fenti a farce.

Na kai hannu aljihu, ta dafe shi.
Wa za ka biya?
Daren da ya kwanta cewa ya yi,
wanda ba a soke ba, kada a soke,
guzurina ke nan.

A waje direba ya matsa oda sau biyu.
Takardata na da gurbi ɗaya: kimar gini.
Lamba suke so, mai sifiri a baya.
Na lashi bakin biro, na rubuta:
dala sittin, kuma ana bin mai awo.

Na sani igiya ba ta ƙarya.
Na sani gobe suna iya aiko wani
wanda sunan uwarsa ba ya nan.
Amma na ga kwalta ta kauce wa dutse a Damagaram,
ba wanda ya ce ta ji kunya.

Fenti ya fara yin fata a gwangwani.
Na ce ƙishi nake ji.
Magaram ta leƙa randa, ƙura da gawar gizo-gizo.
Ta ƙwala wa jikanta kira, ta ce ya ɗauko tulu,
ya biya gida ya zo da tsintsiya.